Ƙafar Lufeyo da Cikina

Ni ce na tsara jadawalin, kuma gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin Nasibeko ta riga ni, don idan ita ta ba da labarin nan sai ka ɗauka ni kaɗai na kusa raba Lufeyo da ƙafarsa.

Sunana Esnart, amma a garinmu Mlangali, Nachisale ake kirana. Shekara tara ke nan ina yi wa asibitin Likita Matewere aikin zagaya gidaje a kan keke. In duba ko mai ciki ta je awo, in ƙirga wa tsofaffi ƙwayoyinsu, in yi faɗa da wanda aka ba gidan sauro ya je ya rufe 'yan tsaki da shi. Asibitin ɗaki uku ne, tsohuwar rumfar shanya taba ce ta mahaifin likitar, da ta dawo daga birni ta gyara ta. Bangon tsakiya bai kai rufi ba, saboda haka duk abin da ta faɗa wa mara lafiya a ciki, masu jira a baranda sun ji, wani lokaci ma har su jefo tasu shawarar ta saman bango.

Lufeyo Kamtedza kuwa shi ne telan garinmu, kuma taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa cikin mutunci ba. Ni ina ce masa mai ɗinkin buhu, shi yana ce mini Ministar Ƙwayoyi. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a birnin Blantyre. Keken ɗinkinsa na takawa ne, kuma babu farar rigar coci ko kayan makaranta a garin nan da ba ƙafarsa ta dama ce ta ɗinka ba.

A wannan ƙafar gyambo ya fito, ƙarƙashin babban yatsa, ya ƙi warkewa. Wata biyu yana ɓoye shi yana barbaɗa masa toka. Ranar da na tisa ƙeyarsa zuwa asibiti, likita ta soki ɗan yatsansa, ta ɗiga jinin a na'urarta, ta dubi lambar, ta dube shi. Ciwon suga ne, kuma lambar ta haura ɗari uku.

"Abambo Kamtedza, mako shida na ba ku," in ji ta, Abambo ɗin nan na girmamawa ne, kamar a ce Baba. "In sugan nan bai sauka ba gyambon ba zai rufe ba. In bai rufe ba zan rubuta muku takarda zuwa babban asibiti, kuma can ba wanki suke yi ba, yankewa suke yi."

Lufeyo ya tambaya yatsan ne ko ƙafar, ta ce sai abin da suka gani. Ni da na zo da tsokana cike da bakina sai na neme ta na rasa. Tsoro ya kama ni, don ban san wani Lufeyo ba sai mai taka keken ɗinki.

Likita ta ce kada ya riƙa taka ƙafar, yana bukatar masu ɗebo masa ruwa, masu shara da wanki, da mai tuna masa magani. Nan na nuna gwaninta. Na juya bayan wata tsohuwar kalanda na ja layuka, gida goma sha biyu, biyu kowace rana, Lahadi kuma tawa. Likita ta yaba, har ta manna ɗaya a bangon ofishinta ta ce za ta nuna wa jami'an gunduma in sun zo. Ta tara mutane a filin makaranta ta yi musu bayani cewa mutumin nan ba ya shan suga. Kowa ya gyaɗa kai. Na hau kekena na koma gida ina jin ba kamar ni a duk lardin.

Bayan mako biyu na ɗora shi a bayan keke muka koma awo. Tun a hawan gada na lura ya ƙara nauyi, amma na ɗauka tayata ce ta yi sanyi. Lambar ta tashi zuwa ɗari uku da sittin. Gyambon ya ƙara baki. Shi kuwa mai gyambon kumatunsa sun ciko suna sheƙi, wuyan rigarsa ya ƙi maɓalluwa.

Likita ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ta yi: ta tambaye ni a hankali ko na tabbata yana shan maganin. Ni da na shekara tara ina ƙirga ƙwaya. Na koma gidansa rai a ɓace na zazzage kwalbar a faranti, ba ɗaya da ya tsallake. Na ce to suga yake ɓoyewa. Na ɗaga katifa, na leƙa tukwane, na buɗe akwatin zare, har cikin aljihun keken ɗinki na zura hannu allura ta soke ni. Yana zaune ƙafa a kan kujera yana kallona, ya ce in na gama in share masa ƙarƙashin gadon tunda na riga na durƙusa.

Ranar Talata na fasa zagaye. Na ɗauki tabarmata tun da hantsi na shimfiɗa a kusurwar ɗakinsa, na ce yau sai na ga abin da ke shiga cikin nan.

Gida biyu na rubuta wa Talata. Kafin rana ta take tsaka gida bakwai sun zo. Masu ranar sun zo, masu gobe sun zo leƙawa, masu jiya sun zo ɗaukar kwanonsu, kuma wa zai zo ɗaukar kwano bai kawo wani ba? Waɗanda ban saka a jadawali ba sun ji haushin rashin saka su, suka tsara nasu. Ba wanda ya karya dokar likita, ko ƙwayar suga ɗaya ba ta shigo ɗakin ba. Dafaffen dankali ne ya shigo, da ayaba nunanniya, da rake da aka fere aka yanka ƙanana saboda haƙoransa, da tuwon masara malmala huɗu-huɗu. Kowa ya zo sai ya durƙusa, ya gutsura ya ci a gabansa kamar yadda aka saba, sannan ya miƙa masa ya zauna yana kallon bakinsa. Lufeyo kuwa yana karɓa hannu biyu, yana godiya, yana taunawa, yana satar kallona.

Can sai ga Amayi Nasibeko, wato Mama Nasibeko, shugabar matan coci, wadda ba mai kama ƙafarta a thobwa duk yankinmu. Kunun tsiro ne mai kauri, ta cika jug har baki. Ta sanar da ni cikin alfahari cewa tunda likita ta hana suga, zuma take saka masa, tsantsa, daga amyar ƙaninta. Ta kurɓa, ta miƙa, ya shanye kofi biyu, ta share masa haɓa da gefen zanenta.

Da ɗakin ya yi fili na rufe ƙofa na sauke masa kwandon masifa. Ban bar komai ba. Na ce shi ba yaro ba ne, da kunnensa ya ji abin da likita ta ce, yana cin ƙafarsa da cokali. Ya bar ni har na gaji.

"To Minista, wanne zan mayar?" ya ce. "Na Nasibeko? Ta kurɓa a gabana, ina kwance ba lafiya, in ce ba na sha? Kin manta Nangozo?"

Ban manta ba. Lokacin da marigayi Wiskesi yake jinya ya ture kunun Nangozo gefe, shi kuwa cikinsa ne kawai ya cika. Kafin sati ya zagayo an ce ya gane ita ce ta yi masa asiri. Yara suka daina bi ta ƙofarta, a rijiya aka daina aron gugarta, ƙarshe ta tattara ta koma wurin wanta a ƙetaren iyaka. A garinmu mara lafiya ba ya ƙin abincin maƙwabci sai in yana zarginsa.

"Mutanen nan su suka binne mini mata," in ji Lufeyo. "Gara a yanke ƙafar da in mayar da ɗayansu maye."

Da gaske yake. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da a ce kwaɗayi ne da na san maganinsa.

Na kai wa likita labari. Ta dafe kai, ta ciro jadawalina daga bango ta saka a aljihun tebur ba tare da ta dube ni ba. Sannan ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe cewa an hana kawo wa wannan mara lafiya abinci, ta buga hatimin asibiti, na je na manna a ƙofarsa. Mutanenmu suna girmama hatimi. Daga ranar ba wanda ya ƙara wucewa ta gaban takardar da kwano a hannu. Ta taga suke miƙawa.

Saura mako huɗu ba kwana biyu na tarar da Nasibeko a bakin tagar, ta ɗage a kan yatsun ƙafa tana zuba thobwa a kofi, wasu mata uku suna bayanta a layi kowa da rufaffen kwano. Ba dabara na yi ba, kada wani ya yaba mini. Zuciya ce ta ɗebe ni. Na faɗa ɗakin, na fizge kofin daga hannunsa yana dab da kai shi baki, na kafa kai na shanye tas, na dire shi a kan keken ɗinki. Sai da na haɗiye na ƙarshe na tuna abin da na aikata, gabana ya faɗi.

Nasibeko ta ƙura mini ido ta tagar. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Kai, taubashiyar banza," ta ce tana dariya. "Ko mara lafiya ba ki bari ba, Nachisale? Lufeyo, haka za ka zauna ta cinye ka?"

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya. Ai kuwa haka ne. Taubashi ya ƙwace maka nama daga baki, ya ɗauke maka kaza, ya zage ka ranar bikinka, ba mai cewa uffan, kuma wanda ya kawo abincin ba a ƙi nasa ba, an dai yi wa mara lafiya fashi ne. Lufeyo ya dube ni, na dube shi. Sai ya ɗora hannu a ka ya fara kukan an zalunce shi, yana cewa tun suna yara haka take, ko nonon uwarsa ba ta bar masa ba.

Haka na zama bakin Lufeyo. Likita ta rage mini zagaye, na tare a kusurwar ɗakinsa daga hantsi zuwa la'asar. Shi ina dafa masa ganyen kabewa da wake da 'yan ƙananan kifin tafki, da tuwo malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, yana ci yana ƙunƙuni. Duk abin da ya shigo ta taga kuma sai ya miƙa hannu a hankali, ya ba ni lokaci, in yi wuf in ƙwace. Zubarwa ba ta yiwuwa, don mai kwano yana tsaye yana kallo, kuma dariyar ba ta cika sai ya ga na haɗiye.

Kwana uku na farko, in faɗi gaskiya, na ji daɗi. Ban taɓa sanin matan garinmu sun iya girki haka ba, ashe ni ce ban taɓa kwanciya jinya ba.

Sai tausayi ya kama su. Suka ce bawan Allah nan zai mutu da yunwa a hannun wannan mata. Suka fara kawo kwano biyu-biyu, ɗaya na ɓarauniya, ɗaya nasa. Dole in ƙwace duka biyun. Sunana ya zaga garin, har a coci aka yi wa'azi a kan haɗama, mai wa'azin bai ambaci kowa ba amma duk wuyoyi sun juyo wurina. Maigidana ya ga na daina taɓa abincin gida, ya tambaye ni cikin sanyin murya ko akwai abin da ya kamata ya sani. Kekena ya fara ƙara a hawan gada ko ba kowa a baya. Lufeyo kuwa da idonsa na tela, kullum na shigo sai ya ƙanƙance ido ya ce an samu ƙarin inci ɗaya, kuma bai taɓa kuskure ba.

A mako na biyar akwai wata Alhamis da na ci kwano goma sha ɗaya. Da na ƙarshe ya tafi na zagaya bayan ɗaki na zauna a kan turmi, na kasa ko sunkuyawa, hawaye suka zubo mini. Na gaji, ina jin kunya, kuma ban san ko duk wannan zai ceci komai ba. Ya jiyo ni ta bango. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai yi ba tun ranar da aka binne mahaifiyata, ya ce in bari haka, akwai masu ɗinki da ƙafar hagu. Na ce ya rufe mini baki, da ta dama ma ɗinkin nasa karkatacce ne. Da safe na dawo.

Ranar da mako shida ya cika, baranda ta cika maƙil, har da waɗanda ba abin da ke damunsu. Likita ta warware bandejin a hankali. Ta daɗe tana kallo, ta danna gefe, ta tambaye shi ko ya ji, ya ce ya ji. Gyambon ya tsuke ya koma kamar ƙwayar wake, sabuwar fata ta kewaye shi. Ta soki yatsansa, lambar ta fito ɗari da arba'in. Ta ce takardar babban asibiti ta fasa rubutuwa, amma ya ci gaba da magani da irin abincin nan, ya riƙa sa takalmi, ya zo duk wata. Ta saman bango muka jiyo Nasibeko tana gaya wa mutane cewa ai ita ta san zuma ba ta ƙarya.

Ina tattara bandeji ina murmushi likita ta ce in zauna. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi maɓallan rigar aikina da suke neman tsinkewa, ta ce in ba ta yatsana.

Lambar ba ta kai ta Lufeyo ta farko ba, amma ta wuce inda ya kamata nesa ba kusa ba. Ta ce mai yiwuwa dama yana cikin jininmu, tunda kakarmu ɗaya, abincin nan ne ya fito da shi fili. Ta ce in na kiyaye bakina wata uku ƙila ba sai na fara ƙwaya ba, in ban kiyaye ba kuwa na san sauran, tunda ni nake faɗa wa mutane. Ta sassauta murya da za ta faɗa, amma bangon nan bai ƙara tsawo ba. Na ji ana ta tashi a baranda ana gyara zane, kowa yana sauri zuwa murhunsa.

Washegari na zauna a ƙofar ɗakina ina jiran abin da na san yana tafe. Taubashi ɗaya gare ni a duniya, kuma shi ba zai iya ƙwace mini ko lomar dankali ba. Da hantsi na hango Nasibeko ta ɓullo ta wajen rijiya da jug a ka, mata biyar a bayanta. Sai kuma na hango wani daga ɗaya ɓangaren, yana tafe a hankali cikin takalmin roba, tef ɗin awo a wuya. Tun daga gidansa ya tako, ya ratsa kasuwa, ya bi ta gaban coci, kuma duk inda ya wuce mutane sun tsaya suna kallon hannuwansa. Ba komai a cikinsu. Ban taɓa ganin an zo duba mara lafiya hannu rabbana a Mlangali ba, ko mahaukaci yakan tsinko mangwaro a hanya.

Kusan tare suka iso. Nasibeko ta dubi hannuwansa, kunya ta kama ta a madadinsa, ta ce a hankali in ya manta ne ya karɓi kwano ɗaya daga nasu ya miƙa.

"Ban manta ba, Amayi," in ji Lufeyo. Ya zauna a bakin ƙofata ya miƙe ƙafar. "Matar nan ba haɗama take yi ba. Ciwona ta ci mako huɗu, kuna mata dariya, ni ma ina taya ku. Abincinku ba shi da laifi, ba wanda ya taɓa nufina da sharri. Jinina ne ba ya ɗauka, nata ma yanzu haka. Ni dai ban kawo mata komai ba, don ina so in daɗe ina zaginta."

Nasibeko ta sauke jug ɗin, ta zuba a kofi, ta kurɓa kamar yadda aka saba. Na ga hannunta ya fara miƙowa wurina, ya tsaya a hanya. Ta dubi ƙafar Lufeyo, ta dubi cikina. Sai ta nemi wuri a kan tabarmata ta zauna ta shanye abinta, ta ƙara wani, ta ce dama zumar nan ta yi tsada da za a riƙa ba marasa godiya. Sauran matan suka zazzauna suka buɗe kwanoninsu, suna ci suna tambayata yaya jiki.

Lufeyo ya ce in tashi tsaye. Ya zare tef daga wuyansa ya zagaya ƙuguna, ya karanta lambar da ƙarfi don kowa ya ji. Ya ce in ba shi rigar aikin zai buɗa mini ita, amma ba zai yanke rarar yadin ba, zai naɗe ta a ciki, don nan da wata uku yana so ya tsuke ta. Na ce ya dai yi ƙoƙari hannu ɗaya kada ya fi ɗaya tsawo.

Ya saɓa rigar a kafaɗa ya koma yadda ya zo, a hankali. Da la'asar ina shara na jiyo ƙarar keken ɗinkinsa daga can bakin kasuwa, na jingine tsintsiya na tsaya ina saurare.